Tambayoyi da Amsoshi a Kan Zagayen Share Fage na Gasar Sifidwe ta Duniya

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa, kuma ƙanena yana da rumfar cajin waya a bakin kasuwa, inda matasa da 'yan acaɓa suke taruwa bayan la'asar. A wannan rumfa ne na fara ganin gajerun bidiyoyin da suke tura wa juna, na wasu Turawa huɗu a kan babura suna shan kwana a karkace, ƙasa tana tashi a bayansu kamar ana shiƙar gero. Da na bi diddigin wasan na shekaru, sai tambayoyin suka riƙa dawowa kaina, musamman a kan yadda mutum yake kaiwa ga babbar gasar duniya. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan, saboda na lura yaranmu suna ganin ƙurar da ke tashi, amma ba sa ganin matakalar da mahayin ya taka kafin a ba shi damar tayar da ita.

Malam, mene ne sifidwe, kuma me ya raba shi da sauran tseren babura?

Sifidwe tsere ne da mahaya huɗu suke yi a lokaci guda a kan fili mai siffar ƙwai, wanda aka shimfiɗa wa dakakken dutse mai kama da burji, ba kwalta ba. Tsawon zagaye ɗaya yana tsakanin mita 260 da mita 425, wato kusan tsawon hanyar 'yan gudu da ke kewaye filin ƙwallo. Ana yin zagaye huɗu, kullum ana juyawa ta hannun hagu, kuma duk tseren yakan ƙare cikin kimanin minti ɗaya. Wannan tsere na minti ɗaya shi zan riƙa kira turmi a wannan rubutu, na aro kalmar daga wajen 'yan dambe, domin ta fi kowace kalma dacewa da karo gajere wanda ake yi a huta a sake.

Yawancin masu ba da tarihin wasan suna danganta asalinsa da garin West Maitland na ƙasar Ostareliya a 1923, daga nan ya ƙetara Ingila a 1928. Hukumar babura ta duniya, FIM, wadda aka kafa a 1904 kuma mazauninta yake Suwizalan, ita ce uwar gasar. An fara fitar da zakaran duniya a filin Wembley na Landan a 1936. A yau ƙasar Folan ce cibiyar wasan, sai Suwidin da Denmak da Ingila da Ostareliya.

Da gaske ne baburin ba shi da birki?

Da gaske ne, kuma doka ce ta hana a sa masa. Ba shi da giyar da ake canzawa, guda ɗaya ce tak. Injinsa mai silinda ɗaya ne, girmansa 500cc, wato ya ninka na Boxer da 'yan acaɓarmu suke hawa kusan sau biyar, ga shi kuma ba a yarda nauyin baburin ya gaza kilo 77 ba, yawancinsu kuma ba su wuce hakan da yawa ba. Ba fetur yake sha ba, wani mai ne da ake kira metanol. A miƙaƙƙen ɓangaren fili yana wuce gudun kilomita 100 a awa.

Wani dattijon bakanike da ke gyara a gefen rumfar ƙanena bai yarda da wannan magana ba sai da ya gani da idonsa. Ya karɓi wayar da hannunsa mai baƙin mai, ya ce a tsayar da hoton, ya kai yatsa kan ƙahon dama yana neman marfin birki, ya sauko wajen ƙafa ya duba, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci. Abin da ya ce daga baya shi ne: "To, ɗana, wannan mutumin da totur yake tsayawa ke nan." Kuma ya faɗi daidai. Idan mahayi ya tunkari kwana, yakan karkatar da baburin ya bar tayar baya ta zame waje, wannan zamewar ce take rage gudun, shi kuma yana sarrafa ta da totur da nauyin jikinsa. Ƙafarsa ta hagu tana sanye da takalmin ƙarfe wanda yake gogar ƙasa da shi. Ƙwarewa ce da ake fara koyo tun ana yaro a kan ƙananan injuna, ƙarƙashin idon mai koyarwa.

Mece ce ma'anar zagayen share fage?

Tun daga 1995 ana fitar da zakaran duniya ne ta jerin wasanni da ake kira Speedway Grand Prix, wanda ake kewaya birane da shi a cikin shekara, ana tara maki. Mahaya 15 ne kacal suke da gurbi na dindindin a kowace shekara, sai a ƙara mutum ɗaya a kowane gari, yawanci ɗan ƙasar da ta karɓi baƙunci, su cika 16. Masu neman waɗannan gurabe kuwa suna da yawa ƙwarai. Zagayen share fage su ne wasannin da FIM take shiryawa domin tace masu neman, har a fitar da 'yan ƙalilan da za su shiga Grand Prix na shekara mai zuwa. Mai bin ƙwallo zai gane abin da sauƙi, domin daidai yake da wasannin neman gurbi da Super Eagles take bugawa kafin gasar cin kofin duniya, sai dai a nan mutum ɗaya ne yake neman wa kansa, kuma babu gida da waje. Yini ɗaya ake ba shi. Idan ya faɗi a ranar, sai baɗi.

Wa yake zaɓen waɗanda za su shiga share fagen tun farko?

Mahayi ba ya kai kansa. Hukumar babura ta ƙasarsa ce take miƙa sunansa, FIM kuma ita take raba wa ƙasashe yawan kujerun da kowace za ta samu, gwargwadon ƙarfinta a wasan. Kowace ƙasa da yadda take zaɓe. A Folan, inda gwanaye suka yi yawa, akwai tsohuwar gasa da suke kira Hular Zinariya, kuma sakamakonta yana cikin abin da ake dubawa wajen tura mahaya. Wannan ya sa ɗan Folan yakan sha wahalar fitowa daga gida fiye da wahalar da zai sha a zagayen farko na duniya, alhali mahayin da ya fito daga ƙasar da ba ta da mahaya da yawa yana samun kujera cikin sauƙi. Wasu suna ganin hakan rashin adalci ne ga Folan. Ni ina ganin hikima ce, domin da an bar wa ƙarfi kaɗai, da ƙasashe uku ko huɗu sun cinye komai, wasan kuma ya mutu a sauran wurare.

Yaya ake gudanar da yinin gasar, kuma yaya ake ƙirga maki?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗin amsawa, domin a cikinta ne adalcin tsarin yake bayyana. Ana tara mahaya 16, a yi turmi 20. Kowane mahayi yana fita sau biyar, kuma a kowace fita yana haɗuwa da mutum uku da bai haɗu da su ba. Uku sau biyar 15 ke nan, wato kafin a tashi, kowa ya gwabza da kowa sau ɗaya, babu wanda zai ce an ɓoye masa wani ko an haɗa shi da gwanaye zalla. Wanda ya zo na ɗaya a turmi yana samun maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe kuma ya tashi hannu rabbana. Mafi yawan abin da mutum zai iya tarawa a yini shi ne maki 15.

Wata rana ɗalibaina na aji shida suka ce lissafin ba zai yiwu ba, sai na sa suka tsinto tsakuwa 16 muka zauna a gindin darbejiyar makaranta. Muka jera su layi huɗu, kowane layi huɗu. Layukan kwance suka ba mu turmi huɗu na farko, layukan tsaye suka ba mu huɗu na biyu. Daga nan aikin ya yi tsauri, domin sauran goma sha biyun sai an yi ta gwadawa ana warwarewa, kuma mun kai har aka buga ƙararrawar tashi ba mu gama ba. Washegari wata yarinya ta zo da shi a rubuce a bayan littafinta, babu tsakuwa biyu da suka haɗu sau biyu.

Akwai kuma batun wurin tashi. Layin farawa an raba shi gida huɗu, kuma launin hular kwano ne yake nuna gidan kowa: ja a can ciki, sai shuɗi, sai fari, sai rawaya a bakin shinge. Sau da yawa wani gidan yakan fi wani kyau, ya danganta da yadda ƙasar filin take a ranar, shi ya sa jadawalin yake juya mahaya a gidaje daban-daban. Tashin farko yana da muhimmanci matuƙa, domin wanda ya riga shiga kwanar farko shi ne yake watsa wa na baya ƙasa a fuska, kuma wuce mutum a fili mai santsi abu ne mai wuya.

Idan aka yi kunnen doki fa?

Idan mutum biyu ko uku suka yi daidai a maki a kan gurbin da ake wucewa da shi, akan ƙara turmi na raba gardama a tsakaninsu. Wannan minti ɗaya yana iya zama shi ne bambancin shekarar mutum gaba ɗaya, kuma a nan ake ganin manyan mahaya hannunsu yana rawa a kan kuloci.

Waɗanne laifuka ne suke sa a fitar da mahayi daga turmi?

A gaban mahaya akwai zare da ake ɗagewa sama da sauri, shi ne alamar tashi. Wanda ya yi gaggawa ya taɓa zaren kafin a ɗage shi, alƙalin wasa yana fitar da shi daga wannan turmin, a sa ɗaya daga cikin mahaya biyu da ake ajiyewa don ko-ta-kwana. Ana ba kowa minti biyu ya iso layin farawa, wanda ya makara ya rasa damarsa. Wanda tayoyinsa biyu suka ƙetare farin layin ciki shi ma an fitar da shi. Idan aka yi karo aka faɗi, alƙali yana kunna jar fitila a tsayar da tseren, ya yanke wanda ya jawo tsayawar ya cire shi, sauran su sake. A zagayen share fage hukunci ɗaya irin wannan yana da nauyi ƙwarai, saboda turmi biyar kawai mutum yake da su, rasa ɗaya kuwa rasa kashi ɗaya cikin biyar na damarsa ne.

Bayan zagayen farko, ina ake zuwa?

A 'yan shekarun nan akan yi zagaye uku ko huɗu a ƙasashe daban-daban, a ɗebi waɗanda suka zo kan gaba a kowanne, su haɗu a wasan ƙarshe da ake kira Grand Prix Challenge. A wasu shekarun baya har da matakin kusa da na ƙarshe a tsakani. Shekaru da dama mutum uku na farko a Challenge su ne suke samun gurbi, daga baya aka mayar da su huɗu, kamar yadda aka yi a Pardubice ta Jamhuriyar Cek a 2024, inda Brady Kurtz na Ostareliya ya zo na ɗaya.

Wanda yake ganin wannan ƙofa ta masu rauni ce, ya dubi waɗanda suka bi ta cikinta. Bartosz Zmarzlik na Folan ya ci Challenge a garin Rybnik a 2015, ya zo na uku a duniya a shekararsa ta farko, sannan ya zama zakara a 2019 da 2020, ya sake a 2022 da 2023 da 2024. Jason Doyle na Ostareliya ya shigo ta Challenge ɗin da aka yi a Lonigo ta Italiya a 2014, ya zama zakara a 2017. Artem Laguta na Rasha ya samu gurbi a Togliatti a 2017, ya ɗauki kambu a 2021. Patryk Dudek ya ci na Vetlanda ta Suwidin a 2016, shekara ta zagayo ya zo na biyu a duniya.

Akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a sani. Mahayin da yake cikin Grand Prix yana iya shiga share fage domin ya riƙe gurbi a hannu tun kafin shekara ta ƙare. Idan daga baya ya gama a sahun waɗanda ake bari kai tsaye, gurbinsa na Challenge yana faɗawa kan wanda yake bi masa. Haka aka yi a 2017: Dudek ya zo na uku a Togliatti, amma da yake ya gama na biyu a duniya, sai Craig Cook na Birtaniya, wanda ya zo na huɗu, ya shiga gasar 2018. Don haka ko wanda ya ga ta leƙo ta koma a ranar, ba ya sakin totur, domin matsayi na huɗu ko na biyar yana iya zama alheri bayan wata biyu.

Ranka ya daɗe, mun ji ana ba wasu gurbi ba tare da sun yi share fage ba. Wannan adalci ne?

Gaskiya ne ana yi. Guraben 15 suna fitowa ne ta hanyoyi huɗu. Akwai waɗanda suka gama a saman teburin shekarar da ta wuce, waɗanda a da takwas ne, daga baya aka rage su zuwa shida, kuma adadin yana iya canzawa idan aka sake duba dokoki. Akwai na Challenge. Akwai zakaran nahiyar Turai, wanda aka fara ba shi gurbi a 'yan shekarun nan. Ragowar kuma kwamitin gasar ne yake zaɓa, su ne nake kira guraben alfarma.

Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi. Gwani yana iya karyewa a tsakiyar shekara ya faɗo ƙasan tebur ba don gazawa ba, kuma injinsa yana iya mutuwa a ranar share fage. Sukan kawo misalin Tai Woffinden na Birtaniya, wanda aka ba gurbin alfarma a 2013 kuma ya zama zakaran duniya a wannan shekarar, ya ƙara a 2015 da 2018. Ban musa wannan ba. Amma masu shirya gasa 'yan kasuwa ne, suna son kowace ƙasa mai yawan 'yan kallo ta samu ɗanta a ciki, kuma duk inda aka bar zaɓi a hannun kwamiti, zargi ba ya ƙarewa ko da an yi gaskiya. Mu nan mun san bambancin wanda ya ci jarrabawa da wanda aka rubuta wa takarda. A ra'ayina gurbi ɗaya ko biyu sun isa a ajiye domin waɗanda rauni ya kayar, sauran a bar su a fili, a bar maki ya yi magana. Na yi murna da aka ƙara guraben Challenge daga uku zuwa huɗu, kuma da za a ƙara na biyar da na fi murna.

Yaya ake yi kafin 1995?

A da a dare ɗaya ake fitar da zakara, kuma kusan kowa sai ya bi ta share fage, komai girman sunansa. Matakan suna da yawa. Ɗan Birtaniya sai ya wuce gasar ƙasarsa, ɗan Suwidin da ɗan Denmak su wuce ta ƙasashen arewacin Turai, sannan a haɗu da Amurkawa da 'yan Ostareliya da Niyu Zilan a wani babban mataki, yayin da mahayan Folan da Jamus da Tarayyar Sobiyet da maƙwabtansu suke bin nasu reshen. Tsarin ba ya jin kunyar kowa. Ole Olsen na Denmak ya zama zakara a 1975, amma a 1976 bai ma kai wasan ƙarshe ba, a hanya aka tsayar da shi. Wannan ne ya sa kambu shida da Ivan Mauger na Niyu Zilan ya ci tsakanin 1968 da 1979 suke da nauyi na musamman a wurin tsofaffin masoya wasan.

A gasar farko ta 1936 share fagen ma shi ya yanke hukunci. A lokacin ana ɗauko wani kaso na makin da aka samu a zagayen baya a haɗa da na daren ƙarshe. Bluey Wilkinson na Ostareliya ya ci duk turminsa biyar a Wembley, amma ya ƙare na uku saboda makin da ya zo da shi bai kai na abokan karawarsa ba, Lionel Van Praag kuma ya doke Eric Langton a turmin raba gardama ya zama zakaran farko. Wasan dare ɗaya na ƙarshe an yi shi a Vojens ta Denmak a 1994, Tony Rickardsson na Suwidin ya ci, shekara ta gaba kuma Hans Nielsen ya zama zakaran farko a sabon tsari. Abin da ya rage na wancan tsohon yanayi, na yini ɗaya mai yanke rabon shekara, a zagayen share fage yake zaune yanzu, shi ya sa nake ba su muhimmanci fiye da yadda kafofin labarai suke ba su.

Me ya sa ake kai waɗannan wasanni ƙananan garuruwa?

Manyan wasannin Grand Prix suna zuwa manyan birane, amma share fage yakan sauka a wurare kamar Abensberg ta Jamus, da Žarnovica ta Sulobakiya, da Goričan ta Kuroshiya, da Terenzano ta Italiya, inda ƙungiyoyin gari suke riƙe da filayensu da aikin sa kai. Baƙon mahayi yana isowa filin da wataƙila bai taɓa hawa ba, a ba shi ɗan lokaci ya gwada, shi da bakanikensa su karanci ƙasar su daidaita injin. Ƙasar kuma tana canzawa a cikin yinin, domin ana yayyafa mata ruwa ana bi da tarakta ana gyarawa tsakanin turame. Manomi zai fahimci wannan fiye da kowa, tunda ya san jigawa da fadama ba a yi musu huɗa iri ɗaya. Idan ruwan sama ya yi yawa akan ɗage wasan, idan kuma an riga an kai adadin turamen da doka ta gindaya, ana iya tsayawa a ɗauki sakamakon yadda yake.

Yaya, ɗan ƙauyenmu zai iya shiga? Ai muna da yara masu wasa da babur a wajen biki.

Doka ba ta hana ɗan kowace ƙasa ba. Afirka ta Kudu ta taɓa samun mahaya a wasan ƙarshe na duniya a shekarun 1950, kuma Antonio Lindbäck, baƙar fata da aka haifa a Birazil ya tashi a Suwidin, ya samu gurbi ta Challenge a 2011 da 2018. Amma hanyar tana da sharuɗɗa: lasisin tsere daga hukumar ƙasa da FIM ta amince da ita, shekara 16 kafin a hau injin 500cc a gasa, babura biyu ko uku, bakanike, da shekaru na gogewa a ƙungiyoyin lig na Turai, inda mahaya suke samun abincinsu. A Kano da Jigawa ba mu da irin wannan fili. Yaron da yake da wannan buri sai ya samu hanyar zuwa inda ake koyarwa tun yana ƙarami.

Sai dai ina roƙon ƙannena su daina haɗa sifidwe da abin da ake yi ranar kai amarya. Ɗan yayata ya karya cinya a irin wannan wasa shekara biyu da suka wuce, a kan hanyar da mata da yara suke tsaye gefe da gefe, ba hular kwano, da silifas a ƙafarsa. Ni na riƙe shi a bayan mota har asibiti, kuma wata huɗu ya yi a kwance, damina ta wuce bai taɓa fartanya ba. Da ya warke ya ce mini ai Turawan ma haka suke yi. Na nuna masa bidiyon daga farko, ba daga inda aka yanko ba. Ya ga shingen da aka cika da iska a kowace kwana, ya ga motar asibiti a tsaye, ya ga rigar kariya tun daga wuya har idon sawu, ya ga babu ɗan kallo ko ɗaya a cikin fili, kowa yana tafiya ta fuska ɗaya, ga alƙali da yatsansa a kan jar fitila. Duk da wannan tanadi wasan yana cin mutane: Lee Richardson na Birtaniya ya rasu bayan haɗari a Wrocław ta Folan a 2012, Darcy Ward na Ostareliya kuma ya samu raunin laka a Zielona Góra ta Folan a 2015 wanda ya raba shi da tafiya yana ɗan shekara 23. Idan haka ta faru da waɗanda aka yi wa kowane shiri, ina ga yaron da ya murɗa totur a tsakiyar 'yan rakiyar amarya.

Da masu hali a yankinmu za su ware fili a bayan gari, su kewaye shi, su kawo mai koyarwa da hulunan kwano, su kafa doka da maki kamar yadda ake yi wa sukuwar dawaki, da zan kasance cikin masu rubuta sunayen yara a ranar farko.

Yaushe ake yin waɗannan wasanni, kuma yaya za mu bi su daga nan?

Kakar sifidwe a Turai tana farawa da ƙarewar sanyinsu ta kai watan Oktoba. Zagayen farko na share fage sun fi faɗowa a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin da muke sharar gona da jiran ruwan shuka, Challenge kuma yakan zo daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. A waɗannan watanni agogon Folan da Jamus da Italiya yana gaban namu da awa ɗaya, na Ingila kuma daidai yake da namu, don haka wasan da aka ce ƙarfe uku a Jamus, ƙarfe biyu ne a nan. FIM tana sanya ranaku da sunayen mahaya da sakamako a shafinta na intanet, kuma ana samun bidiyon turame a YouTube. Wanda datarsa ba ta da yawa ya nemi takardar maki ya fara karantawa, ya ga wa yake da takwas ko tara kafin fitarsa ta biyar, sannan ya kalli turame huɗu na ƙarshe, daga na 17 zuwa na 20.